Ƙaramin Akwatin da Ya Rufe Kasuwar Wetherby

A farkon watan Yuli na 2011 harkoki suka tsaya cak a tsakiyar Wetherby, wani ƙaramin gari mai kasuwa da ke Yorkshire ta Yamma a arewacin Ingila. Wata mata da ke wani gidan shan shayi a babban titin garin ce ta hango wani mutum yana 'yan dube-dube. Yana riƙe da ɗan akwatin roba, ya yi ta jujjuya shi, can sai ya sunkuya ya tura shi ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan tukwanen furanni da ake jerawa a gefen titi, ya miƙe ya yi tafiyarsa yana magana a waya. Matar ta kira 'yan sanda.

Nan da nan aka killace wurin, aka rufe shaguna, aka ɗauko sojoji masu kwance bam daga Catterick, barikin soja mafi girma da Birtaniya ke da shi. Suka tura mutum-mutumin inji ya tarwatsa akwatin. Kusan sa'a uku babu ciniki, babu wucewa. Da ƙura ta lafa sai aka gane babu bam babu dalilinsa. Akwatin na wani wasa ne da ake kira jiyokashin, shi kuma mutumin ɗan wasa ne da ya gano shi, ya sa hannu a takardar da ke ciki, ya mayar da shi inda ya same shi, kamar yadda ƙa'idar wasan ta ce.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Wani zai ɓoye akwati a wani wuri, da 'yar takardar sa hannu a ciki, wani lokaci har da tarkacen wasan yara, sai ya ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ya sa a intanet. Masu nema su bi lambobin da waya ko na'ura har su gano. Asalinsa kuwa wata shawarar gwamnatin Amurka ce. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka da gangan take dagula saƙon taurarin GPS da farar hula ke samu, har kuskuren na'ura ya kai kusan mita 100. Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, kuskuren ya dawo kimanin mita 10. Ranar 3 ga Mayu wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin, don a gwada ko gaskiya ne. A watan Satumba na shekarar aka buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75. Zuwa 2017 sun haura miliyan 3 a faɗin duniya.

Miliyan uku ɗin nan, kowace ɗaya a kan ƙasar wani take zaune. A nan maganar take.

Abin da ƙa'ida ta ce, da yadda ake bin ta

Kamfanin Groundspeak da ke Seattle, mai shafin, bai ɓoye matsayinsa ba. Duk wanda ya miƙa sabuwar ajiya don a wallafa, ya amsa ke nan cewa ya samu duk izinin da ake buƙata daga mai filin ko mai kula da shi. Akwai wasu sharuɗɗan: ba a haƙa rami a binne, ba a kusantar layin dogo ko barikin soja ko makaranta ko filin jirgin sama, kuma tilas a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Kafin a wallafa, sai wani mai tantancewa ya duba.

To amma wane ne mai tantancewar? Ɗan sa-kai ne, ɗan wasa kamar kowa, yana zaune gaban kwamfutarsa bayan ya taso daga aiki. Ba ya zuwa wurin, ba ya ganin akwatin. Taswira yake dubawa da abin da mai ɓoyewa ya rubuta masa. A Ingila masu tantancewa suna amfani da taswirar gwamnati mai suna MAGIC, wadda ke nuna filayen da doka ta keɓe saboda tsirrai ko dabbobi ko kayan tarihi. In lambobin suka faɗa cikin irin wannan wuri, za a ce kawo shaidar izini, da sunan wanda ya ba ka. In kuwa suka faɗa a gefen titi ko gindin fitilar hanya, galibi maganar mai ɓoyewa ce kaɗai jingina. Ya ce ya samu, shi ke nan.

Ba wai ana cewa kowa ƙarya yake yi ba. Da yawa sun yi imani har zuciya cewa wurin da kowa ke bi ba ya buƙatar tambaya. A tsakanin 'yan wasan, musamman a Amurka, akwai wata tsohuwar hujja da ake yawan kawowa: duk inda za ka iya wasan jifa da faifan roba ba tare da ka tambayi kowa ba, to ka iya ɓoye akwati a can. Hujjar tana da daɗin ji, sai dai gurguwa ce. Mai wasan jifa in ya gama yakan ɗauki faifansa ya tafi gida. Mai ɓoye akwati kuwa barinsa yake yi shekara da shekaru, sannan ya yi shela ga duniya cewa kowa ya zo nan ya lalube.

Dokar Ingila ma ba ta goyon bayan wannan hujja. Hanyar ƙafa ta jama'a da ta ratsa gonar wani, haƙƙin da ta ba ka shi ne ka wuce ka dawo. Ƙasar tana nan ta mai ita. Dokar da aka yi a 2000, wadda ta buɗe tsaunuka da wasu dazuzzuka ga masu yawo a ƙafa, izinin tafiya ta bayar, ba na ajiye kaya ba. Ko a Sikotland, inda dokar 2003 ta fi sakin mara, 'yancin shiga daban, 'yancin barin kayanka daban.

A Wetherby, wa za a tambaya?

A gona tambayar tana da sauƙi: nemi manomin. A tsakiyar gari kuwa abin ya fi haka sarƙaƙiya. Wetherby tana ƙarƙashin majalisar birnin Leeds, kuma tana da tata majalisar gari. A titin Ingila, daɓen da ake tafiya a kai yana hannun hukumar kula da hanyoyi, akwatin wasiƙu na gidan waya ne, rumfar tarho ta kamfanin tarho ce, bangon shago na mai ginin ne wanda sau da yawa ba shi ne mai shagon ba, furanni kuma wani lokaci ƙungiyar masu sa-kai ce ke shukawa tana ba su ruwa. Taku biyar kacal, masu iko huɗu ko biyar. Akwai ofishin rajistar filaye da za ka biya kuɗi kaɗan ka ga sunan mai wuri, amma ba kowane fili ne ke cikin rajista ba, kuma rajistar ba za ta gaya maka wa ke da tukunyar furanni ba. Wanda ya ɗauki waya ya kira majalisa yakan sha a tura shi daga wannan ofis zuwa wancan, don babu ma'aikacin da aka rubuta wa ba da izinin ɓoye akwati a cikin aikinsa. Ba mamaki mutane da yawa su ga gara su yi shiru.

Sai dai abin da ya faru ranar ya nuna wani gibi da ya fi na takarda. A ce ma akwai wasiƙar amincewa a cikin wani fayil a ofishin majalisa, me za ta hana? Matar da ta hango mutumin ba ta san da akwatin ba. Masu shagunan da ke kallon wurin kullum ba su sani ba. 'Yan sandan da suka fara isowa ba su sani ba. Mutanen da idonsu ke kan wannan tukunya tun safe har yamma su ne ba a gaya wa komai ba, su ne kuma suka yi asarar cinikin yini. Da mai ɓoyewa ya shiga shago biyu ko uku ya yi sallama ya ce ga abin da zan ajiye, za ku riƙa ganin baƙi suna sunkuyawa a nan, da wuya a kai ga kiran soja. Da an ga mutumin sai a yi murmushi a ce ga wani ya zo.

Abin da ke hana hakan yana cikin jinin wasan kansa. Ana koya wa ɗan wasa ya yi sanɗa, kada wanda bai san wasan ba ya gan shi, don gudun kada a ɗauke akwatin ko a zubar. Har suna na zolaya suke da shi ga waɗanda ba su sani ba. A daji wannan ba komai ba ne. A titin kasuwa kuwa, mutumin da ke waige-waige, yana jira ido ya ɗauke, sannan ya cusa wani abu a ɓoye ya bar wurin da sauri, ya kwaikwayi mai dasa bam tsaf ba tare da ya nufa ba. Iya ƙwarewarsa a wasan, iya yadda zai tsorata mai kallo.

Masu cewa an yi azarɓaɓi, su tuna inda abin ya faru. A watan Maris na 1993 bama-baman da IRA, ƙungiyar masu ɗauke da makamai da ke yaƙar mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, ta sa a kwandunan shara a titin kasuwar garin Warrington na Ingila sun kashe yara biyu. Ranar 7 ga Yuli 2005 an kashe mutum 52 a Landan, kuma uku daga cikin maharan huɗu daga yankin Leeds suka fito, wato maƙwabtan Wetherby. Shekara da shekaru hukuma na roƙon jama'a su kai rahoton duk kayan da aka yasar. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Mai karatu da ya zauna a Kano ko Maiduguri a shekarun hare-haren bam ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. A ganina matar ta yi daidai, 'yan sanda ma haka. Ba aikin mai kwance bam ba ne ya buɗe murfi da hannu don ya ga ko wasa ne.

Wanda ya kwana a ciki

Wanda hukuma ta kama da laifi shi ne mutumin da aka gani, wato na ƙarshe da ya gano akwatin. An ba shi gargaɗin 'yan sanda. A Ingila wannan ba faɗa ba ne na baki da za a yi maka ka tafi. Abu ne da ake rubutawa, sai mutum ya amsa laifi kafin a ba shi, kuma yana iya fitowa in ana binciken tarihinsa don wasu ayyuka. Mutum ya fito shaƙatawa ya koma gida da tabo a takardunsa.

Wannan ya girgiza 'yan wasan Birtaniya fiye da fashewar kanta, kuma da dalili. Mai nema ba shi da hanyar sanin ko an nemi izini. Yana ganin ajiya a shafi, ya ɗauka an tantance, ya tafi. Amanar da ya ba tsarin ita ce ta kai shi gaban 'yan sanda. Wanda ya zaɓi wurin, ya zaɓi irin akwatin, ya yanke shawarar wa zai gaya wa da wa ba zai gaya wa ba, yana can wani wuri lokacin da abin ya faru. Haka lamarin yake a ƙauye ma: in manomi ya fito a fusace da karensa, ba mai ɓoyewa yake tararwa a gonarsa ba, wani baƙo ne da 'ya'yansa biyu riƙe da waya.

Gyaran da aka yi

Ƙungiyar 'yan jiyokashin ta Birtaniya, GAGB, an kafa ta a 2003, kuma babban aikinta tun farko shi ne zama da masu filaye. Bayan abin Wetherby ta tattauna da ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta lokacin, ACPO, aka fito da ƙa'idoji na ajiyar cikin gari. A rubuta a jikin akwatin ta waje cewa na jiyokashin ne, tare da lambarsa ta shafi. In ya fi ɗan gwangwanin fim ɗin kyamara girma, ya zama mai garai-garai yadda za a ga cikinsa ba sai an buɗe ba. A zaɓi wurin da ba zai jawo fargaba ba.

Gyara ne mai amfani, amma rabi ne. Rubutu a jikin akwati yana taimakon ɗan sandan da ya riga ya iso ya matso kusa. Ba ya hana kiran. Wanda ke hange daga tagar shago ba ya ganin lamba, mutum yake gani yana abin da bai gane ba. Kuma duk wanda ya san aikin tsaro ya san mai mugun nufi ma ya iya manna takarda. Ƙa'idojin sun gyara akwatin, sun bar maganar maƙwabta ga hankalin mai ɓoyewa.

Abin sha'awa shi ne, a wajen gari an daɗe da gano bakin zaren. GAGB tana da rumbun yarjejeniyoyi da manyan masu filaye, inda mutum zai duba ya ga wa ya yarda, wa ya ƙi, da sharuɗɗan kowa. National Trust, ƙungiyar da ke adana filaye da gine-ginen tarihi, wadda aka kafa a 1895 kuma take riƙe da kimanin hekta 250,000, ba ta tsaya ga yarda kawai ba. A 2012 ta sa gano irin wannan ajiya cikin jerin abubuwa 50 da take kwaɗaita wa yara su yi. Sharaɗinta shi ne a yi magana da jami'in da ke kula da wurin kafin a ajiye komai. Shi ya san inda tsuntsaye ke sheƙa a ƙasa, inda wani tsiro mai wuyar samu ke fitowa, inda za a sare itatuwa baɗi. Sau da yawa ba ya cewa a'a, cewa yake matsa can gaba kaɗan.

Damuwar mai fili ba ta wuce abubuwa kaɗan ba, kuma duk masu ma'ana ne. Ƙafa ɗari in ta bi wuri ɗaya sai ta fitar da turba inda babu, har 'yan wasan kansu sukan gane inda akwati yake ta wannan turbar. Ana barin ƙofar shinge a buɗe tumaki su fita. A Yorkshire da maƙwabtanta akwai katangun duwatsu da ake jerawa ba siminti ba laka, wasu sun shekara ɗaruruwa. Mai nema ya zare dutse ɗaya, na bayansa ya zare wani, kafin a ankara katanga ta zube. Shi ya sa a Birtaniya aka hana ɓoyewa a cikinsu kwata-kwata. Sai kuma maganar alhaki, wadda ita ce ke sa lauyoyin manyan hukumomi jan ƙafa. Dokar 1957 ta ɗora wa mai wuri nauyin kula da lafiyar wanda ya shigo da izininsa, ta 1984 kuma ta ɗora masa nauyi mai sauƙi game da wanda ya shigo ba izini. Ke nan mai filin da ya ce na yarda yana iya ganin ya ƙara wa kansa kaya. Mai neman izini da bai fahimci wannan ba zai ɗauka rowa ce ake yi masa.

Saboda haka buƙatar da ake amsawa ita ce wadda ta zo da amsoshi tun kafin a tambaya: ga ainihin wurin a taswira, ga hoton akwatin da girmansa, ga ta inda mutane za su bi, ba za a haƙa ba, ba za a buga ƙusa a itace ba, ga lambata, zan riƙa zuwa dubawa, ranar da kuka ce a cire zan cire. Wannan na ƙarshen ya fi komai kwantar da hankalin mai fili. Kuma a samu amsar a rubuce, da suna da muƙamin wanda ya bayar.

Akwai masu cewa in aka tilasta takardar izini a kan kowace ajiya, rabin wasan zai mutu, don akwai gefen hanya da kwalbati da kufai da ba a san mai su ba. Gaskiya ne zai ragu. Amma inda aka bari har hukuma ta fara sanin wasan ta hanyar matsala, abin da ke biyowa ya fi haka tsanani. Hukumar lambunan sarauta na Landan ba ta yarda da akwatunan ba, Ma'aikatar Tsaro ma ta hana a filayenta. A Amurka an hana su a gandun namun daji na tarayya, a manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa kuma sai shugaban wurin ya amince, don dokarsu tana ɗaukar kayan da aka bari fiye da sa'a 24 ba mai kula a matsayin yasasshe. A 2005 majalisar wakilan jihar Carolina ta Kudu ta amince da ƙudurin da zai haramta wasan a maƙabartu da wuraren tarihi sai da rubutaccen izini; a majalisar dattawan jihar ne ya maƙale. Hukumar da aka fara tunkara da sallama takan kafa sharaɗi. Wadda ta tsinci akwati da kanta, ko aka kira ta cikin gaggawa, takan rufe ƙofa duka, kuma buɗe ta na ɗaukar shekaru.

Ko izinin da aka samu yadda ya kamata yana tsufa. Jami'in da ya sa hannu yakan yi ritaya, gona takan sauya hannu, shagon da aka gaya wa yakan koma na wani, yaran shago kuwa kullum sababbi ne. Shi ma mai ajiyar yakan gaji da wasan ko ya bar garin, akwatin na nan, lambobinsa na nan a intanet, mutane na ci gaba da zuwa. Shafin yana da hanyar da masu nema za su kai ƙara cewa ajiya na buƙatar gyara ko a soke ta, kuma in mai fili ya rubuto yana ƙorafi akan cire ta daga jeri ba tare da jayayya ba. Sai dai kafin mai fili ya rubuto, sai ya san akwai abin, ya san sunansa, ya kuma san inda zai aika.